Jawabi kan taɓa wayoyin wuta a gidajenmu

 

An ce mu yi magana bisa kuran, watau wutar lantarki. Yau duk wanda ya samo ɗan abin hannu yana so ya ƙara ɗaki, ya sa ma tsohuwa fanka, ya kawo firigo don iyali su saida ƙanƙara. Abu ne mai kyau. Tambayar ita ce: wane aiki mutum ke iya yi da kansa, wane aiki ne kuma sai ya je ya shaida ma NIGELEC?

Mu fara da iyaka, kamar ta gona. Tun daga falwaya har zuwa kwantar da ke ƙidayar wutar da aka sha, da abin yanke wuta babba da aka ɗaure da darma, wurin NIGELEC ne, kamfanin da ke riƙe da wuta a ƙasarmu tun 1968. Abin da ke bayan kwantar, cikin ɗakuna, na maigida ne, kuma alhakinsa na wuyansa. Canza ƙwan fitila ko makunnin da ya lalace ba ya bukatar takarda; a dai kashe wutar gidan tukuna. Amma in za a jawo wuta sabon gida, ko a gusar da kwantar saboda an rushe katanga, ko a ƙara ƙarfin wutar, ko gida ya canza hannu ta ciniki ko gado, to sai an tafi buro an rubuta. Tsinke darmar nan laifi ne, ko da mutum bai yi niyyar sata ba. Dokar lantarki ita ke tafiyar da sha'anin wuta a Nijar, ba mu muka ƙaga ba.

A nan muke so mu tsaya kaɗan, mu yi lissafi irin na ƴan lakkwal. Wutar gida wajen bolt 220 ce. Wanda ya yi rajistar ampa 5, sai a ninka: 5 sau 220, wat 1.100 ke nan. Dutsen guga guda na iya cin wat 1.000. In an haɗa shi da firigo da fanka biyu, abin yanke wutar zai faɗi, kuma aikinsa ke nan da aka sa shi. Abin da ke tada mana hankali shi ne dabarar kiran yaro ya tsallake shi da guntun waya don wuta ta daina ɗaukewa. Wutar ta daina ɗaukewa kam, amma zafin ya koma cikin wayar da ke bin azara da zana. Lokacin hunturu, ga iska, ga rumbu kusa, kowa ya san sauran. Hanyar ita ce a je a nemi ƙarin ampa, a biya, kuma mai gyaran wuta da ya koyi aikin ya duba kaurin waya: milimeta 1,5 don fitilu, 2,5 don wurin soka kaya. Injin niƙa kuwa sau da yawa wuta mai waya huɗu yake so, wannan wata rajista ce daban.

Sai zancen maƙwabci. Mun san nauyinsa. Da wuya ka hana ɗan'uwanka wuta alhali katanga ɗaya ta raba ku. Amma yarjejeniyar da aka sa ma hannu ta gida guda ce. Waya ta bi ta ƙasa inda yara ke wasa da ruwan damina, in abu ya faru, mai kwantar za a tambaya.

Tun da Nijeriya ta yanke mana wuta cikin watan Agusta na 2023, har ta maido a 2024, mutane da dama sun sayi injin wuta ko faranti mai aiki da rana. In kayan suna zaman kansu, da fitilunsu daban, babu magana. In kuwa za a haɗa su da wayoyin gida, dole a sa makunnin da ke raba su da layin kamfani. In ba haka ba wutar injinka na komawa kan falwaya, ta iske ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a kashe yake.

Waɗanda ke Abijan sun san Securel, na Faransa sun san Consuel: can ba a ba sabon gida wuta sai an duba aikin an ba da takarda. Kun bi wannan doka a ƙasar mutane. Saboda haka in kun aiko kuɗin gini, ku ware na wuta daban, ku faɗi wanda zai tafi buro da sunanku, kuma ku ce a ajiye muku rasit da takardar rajista wurin dattijon gidan.