Giya a Wuraren Aiki na Jamus da Shirin Tafiyar Dattawanmu

Jawabin da wani ɗan kwamitin shirye-shirye ya gabatar a taron ƙungiya, a nan Jos

 



Kwamiti ya ɗora mini in yi bayani a kan tafiyar da dattawanmu ke shirin yi zuwa Jamus, don su sadu da tsofaffin abokan aikinsu da waɗanda suka koya musu aiki. Ni dai ɗan kasuwa ne, ina zuwa Hambog sayo motoci da kayan gyaran inji, iyakar abin da ya sa aka zaɓe ni ke nan. Fatawa kuwa ta malamai ce, ga su nan zaune.

Bari in fara da asalin zumuncin, saboda yaranmu da ke baya can. Lokacin da aka kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya a 1964, Jamus ta Yamma ce ta aiko da masu horarwa. Shugaban rundunar na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kuma an tura samarinmu can koyon tuƙin jirgi da kanikanci, kafin Jamusawan su koma gida a 1966. Sannan a farkon shekarun 1980, zamanin Shagari, kamfanonin Jamus ne suka gina mana masana'antar mulmula ƙarfe ta nan Jos, wadda aka tsara ta fitar da tan 210,000 a shekara, aka kuma sayar da ita a 2005. To, tsofaffin sojan saman nan da tsofaffin ma'aikatan ƙarfe su ne ke son wannan haɗuwa. Na farkon duk sun haura tamanin. In ba a yi yanzu ba, Allah kaɗai ya san ko za a yi.

Abin da ya raba kan kwamiti shi ne giya. Wasu sun ce a fasa, tunda ba a taron Jamusawa sai da ita. Wasu kuma sun ce a tafi a yi shiru, wai in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemi taka ka ɗaura. Ni ban bi ko ɗaya ba, ga kuma dalilina.

Gaskiya ne, Bajamushe ya ɗauki giya kusan kamar yadda muka ɗauki goro. Tun a 1516 sarakunan Bavariya suka yi dokar abin da za a dafa ta da shi, wato ruwa da sha'ir da wani furen ɗaci, kuma har yau suna alfahari da dokar. A wurin aiki akwai kwalbar tashi daga aiki, wadda ake sha a tsaye a bakin gareji, musamman ranar Juma'a. Sabon ma'aikaci yakan kawo abin sha da kek don a san shi, mai barin aiki ma haka. Magina in sun ɗora katakon rufi sai mai gida ya yi musu walima. Masu aiki a kamfanin giya kuwa, a bisa al'ada ana ba su kasonsu kyauta ban da albashi. A Bavariya har injin sayar da giya akan samu a ɗakin cin abinci na masana'anta. Dattawan da suka zauna can sun ga wannan da idonsu.

Amma fa, iyayena, Jamus ɗin da kuka baro ba ita za ku tarar ba. A 1980 abin da ke faɗa wa kowane mutum a Jamus ta Yamma ya haura lita 140 na giya a shekara. A 2023 bai kai lita 90 ba. Babu wata doka guda da ta haramta sha a kowane wurin aiki, amma ƙa'idar inshorar haɗari ta hana ma'aikaci ya sha abin da zai sa ya cuci kansa ko wani, kuma manyan masana'antu da yawa sun hana ta ɗungurungum. Dokar tuƙi ma ta yi tsanani: sabon direba da wanda bai kai shekara 21 ba, ko kurɓi ɗaya ba a yarda ya yi ya kama sitiyari ba. Saboda haka a kowane taro za ka ga masu riƙe da ruwan tuffa ko ruwa zalla, ba wanda ya kalle su sau biyu.

Ƙari a kan haka, Musulmi a ƙasar sun haura miliyan 5. Tun yarjejeniyar 1961 Turkawa ke zuwa aiki, jikokinsu ne yanzu ke riƙe da shagunan nama da gidajen abinci. A Hambog, daga babbar tashar jirgin ƙasa da ƙafa za ka taka zuwa masallaci. Wato in ka ce da Bajamushe ba ka sha saboda addini, ba yau ya fara ji ba.

Abin da na lura a harkata da su shi ne, Bajamushe ya fi son a faɗa masa magana ƙarara. Kunyar nan tamu ta “to, bari mu gani”, shi a wurinsa amincewa ce. In ka karɓi kofi ka ajiye a gabanka don kara, zai zaci irin wannan ce ba ka so, ya tashi ya kawo maka wata. In kuwa ka ce “na gode, ba na sha, a ba ni ruwa”, magana ta ƙare. Dillalan da nake ciniki da su sun san haka, yanzu kafin in zauna an ɗora shayi, kuma ba a taɓa ƙara mini ko sisi a kan mota don ban sha ba. Mu mutanen Jos ma ai ba baƙin wannan ba ne. Shekara nawa muna zaune da maƙwabta masu dafa burkutu, muna ciniki, muna zuwa musu gaisuwar mutuwa suna zuwa mana suna? Kowa ya san abin da ba a miƙa wa ɗan'uwansa.

Saura batun zama. Haramcin sha kowa ya karanta shi tun a Islamiyya, ba gardama. Amma akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma nan ne masu cewa a fasa suke da hujja. Maganinsa a wurina shi ne a gyara tun daga takarda. Tunda mu muka nemi haɗuwar, mu rubuta wa masu masaukin yanzu, mu ce muna son taron rana, a zauren unguwa da za a kama haya, ba gidan giya ba. Su ma suna da al'adar zaman la'asar na gahawa da kek, wadda tsofaffinsu suka fi so. Abincin kuma a ba gidan abincin Turkawa kwangila. In dare ya yi, wanda zai tafi shan abinsa ya tafi, mu mun koma masauki. Ba a ci mutuncin kowa ba, ba mu kuma saɓa ba.

Inda haɗarin yake shi ne abin da ba a san giya ba ne. Ku rubuta waɗannan. In kun ga an rubuta Radler a kwalba, giya ce aka gauraya da lemo, ko da kun ga hoton lemon tsami a jiki. Wadda suke kira marar sa maye, doka ta yarda a sami ɗan abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba a cikinta, saboda haka a bar ta, a sha ruwan tuffa. Wani kek ɗin da wata cakulan ana zuba musu barasa, haka ma wata miyar nama, sai a tambaya kafin a ci. Kalmar Schwein kuma alade take nufi, tana kuma cikin yawancin tsiran-alen da suke ci.

Sai lokaci. Kada a kusanci Munik daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba. Lokacin bikin giyarsu ne, wanda ake yi tun 1810, mutum wajen miliyan 6 ke zuwa, kuɗin masauki kuma ya ninka. Hunturu ba na tsoho ba ne. Duk sanyin da muke taƙama da shi a Jos wasan yara ne, ga rana na faɗuwa tun ƙarfe 4. A watan Yuni kuma magariba a Hambog sai wajen 10 na dare. Shawarata watan Mayu ko farkon Satumba, a kuma duba kalanda kada ya ci karo da azumi ko aikin Hajji.

Takardu kuwa, kuɗin biza ya koma Yuro 90 tun Yunin 2024. Dole kowa ya yi inshorar lafiya da za ta ɗauki aƙalla Yuro 30,000, ga takardar gayyata, ga shaidar wanda zai ɗauki nauyi. Ana karɓar buƙata tun saura wata 6 a tafi, saboda haka kada mu yi irin namu na sai an kira salla a nemi buta. Jirgi daga Abuja zuwa Farankfot wajen awa 6 ne. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su ga likita, su riƙe maganinsu a jakar hannu tare da takardar likitan, don can ba a shiga kemis a ce a ba ni kaza kamar yadda muke yi a Bauchi Road. Kada kuma wani ya sa kilishi ko dambun nama a jaka don tsaraba, dokarsu ta hana shiga da nama, ƙwacewa za a yi.

Akwai magana ɗaya mai ɗaci, amma gara a faɗe ta a nan. Kowane dattijo zai so ɗansa ko jikansa ya raka shi, kuma ya kamata. To, wanda za a zaɓa ya zama mai aiki ko shago da iyali a nan, wanda zai dawo. Yaro ɗaya in ya sulale a tashar jirgi, Bajamushen da ya sa hannu ya ɗauki nauyi shi hukuma za ta bi da bashin ɗawainiyarsa. Tsohon da ya koya wa ubanka aiki ka saka masa da haka? Sannan duk wanda ya je neman biza da takardar ƙungiyar nan a gaba, zai ɗanɗana kuɗarsa.

Daga ƙarshe, ba kowa zai iya zuwa ba. Wani ba kuɗi, wani ba ƙafa, wasu kuma sun rasu sun bar mata da 'ya'ya. Ina roƙon kwamiti ya ware wani abu daga gudummawar a yi taro na biyu a nan Jos bayan an dawo, a nuna hotuna, a yi wa mamata addu'a. A kuma sa samarinmu su zauna da dattawan nan da waya, su naɗi labarin yadda aka koyi aikin da yadda aka yi shi, tun masu labarin suna nan. Waɗanda za su tafi su ba sakatare sunayensu da kwafin fasfo kafin taro mai zuwa, don takardar gayyata da sunaye ake rubuta ta.

Allah ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da Filato da Nijeriya lafiya.