Ƙarfen da Ƙashi Ke Kamawa



Yau zancenmu kan ƙarfen da likitoci ke dasawa a ƙugu idan gaɓar ta lalace. Masu sikila sun san wannan azaba, domin kan ƙashin cinya yakan mutu idan jini ya daina isa gare shi.

Sau da yawa ƙarfen titaniyam ne. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa a jiki. Amma ƙashi ba ya saurin kama shi. In ya yi sako-sako, ciwo ya dawo, sai an sake tiyata.

To, ga dabarar masana. Akwai wani gari mai kalsiyam da fosfet, irin sinadarin ƙashinmu. Sai su narkar da shi da zafi mai tsanani, su feshe ƙarfen. Rufin siriri ne, kamar silin gashi, ga kaushi. Ƙashi ya tsiro a kansa, ya riƙe shi gam. Tun shekarun 1980 ake haka a Ingila da Holan.

Sai dai rufin, in ya yi kauri, yakan ɓare.

Jama'a, in za a yi wa naku wannan aiki, a asibitin ƙashi na Dala ko wani wuri, ku tambayi likita irin ƙarfen da zai sa.

A huta lafiya.