Wa Ya Halicci Allah? Tambayar da Yaro Ya Zo da Ita Gida



Kwanakin baya wani dattijo mai shago a nan Ajame ya tare ni bayan la'asar, ransa a ɓace. Ɗansa, wanda ke ajin ƙarshe yana shirin jarrabawar BAC, ya dawo daga darasin falsafa ya ce masa: "Baba, in kowane abu akwai wanda ya yi shi, to Allah wa ya yi Shi?" Dattijon ya ce bai san lokacin da hannunsa ya sauka a kuncin yaron ba. Tun daga ranar yaron bai sake tambaya ba, kuma shirun nan ne ya hana uban barci.

Mu fara da kwantar da hankali, tambayar tsohuwa ce. Bature masanin falsafa Bertrand Russell ya ɗora ta a laccar da ya yi a Landan a 1927, Richard Dawkins ya sake ɗauko ta a littafinsa na 2006. Amma tun ƙarnuka kafin su Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba da labarinta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Shaiɗan zai riƙa jan mutum da tambaya kan wanda ya halicci wannan da wancan har ya kai shi ga Ubangijinsa, kuma wanda ya kai nan ya nemi tsari ya tsaya. A ruwayar Muslim ma wasu Larabawan ƙauye sun yi wa Abu Huraira wannan tambaya a masallaci, ya damƙi tsakuwa ya watsa musu. Ina jin dattijonmu zai ji daɗin wannan ruwaya. Sai dai mu bi a hankali.

Akwai kuskure a gindin tambayar. Musulunci bai ce kowane abu yana da mahalicci ba. Abin da malaman tauhidi suka ce shi ne, kowane fararre, wato abin da babu shi sannan ya samu, dole akwai wanda ya fare shi.

Bari in kawo misali daga inda muke zaune. Kun san wahalar canji a garin nan, daga cikin motar gbaka har bakin tebur. Ka je Roxy, inda tsohon gidan silima ya bar wa unguwa suna, ka sayi abu ka miƙa jika goma. Mai tebur ta ce ba ta da canji, bari ta ara wurin maƙwabciya. Maƙwabciya ta ce ita ma sai ta ara. Ta uku ma haka. A ce layin masu aro ya miƙe daga Roxy, ya ratsa Plateau, ya haye gadar Houphouët-Boigny ya shiga Treichville, kowa mai jiran na gaba ne. Yaushe za ka karɓi canjinka? Ba rana. Ƙara yawan masu aro ba ya haifar da dala ɗaya. To in ka ga canji ya iso hannunka, ka tabbata a wani wuri akwai wanda kuɗin nasa ne, bai ara a wurin kowa ba. Wanda ya tashi ya ce, "Shi kuma mai kuɗin a wurin wa ya ara?" bai fahimci abin da aka ce ba, domin da ya ara, da shi ma yana cikin layi, kuma da har yanzu kana tsaye a rana.

Samuwarmu ta aro ce. Ni na samu ta wajen iyayena, su ta wajen nasu, gero daga iri, iri daga ruwa da ƙasa. Amma ga mu, mun samu. Saboda haka akwai Wanda samuwarsa tasa ce.

Wannan hujja ba a Turai aka ƙera ta ba, kuma ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu. Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya tsara ta a ɗan littafinsa Ummul Barahin, wanda almajirai suka daɗe suna karantawa daga Katsina har Timbuktu. Siffofin Allah ashirin da wasunmu suka haddace suna yara sun fara da samuwa, daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai, da kaɗaitaka. Hujjar daɗewa ita ce: da Allah fararre ne, da Ya buƙaci mai farewa, sai a faɗa cikin ɗayan ramuka biyu. Ko tasalsuli, wato layin aron nan marar ƙarshe, ko dauru, a ce wannan ya yi wancan, wancan kuma ya yi wannan, kamar mutum ya ce shi ya haifi ubansa. Alƙur'ani kansa ya ɗora tambayar a aya ta 35 ta Suratu Ɗur, kan ko mutane sun samu ba tare da mahalicci ba ko su suka halicci kansu. Jubairu ɗan Muɗ'imu, tun bai musulunta ba, ya ji Annabi yana karanta ta a sallar magariba, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama.

Yanzu ku samari, na san abin da mai wayo a cikinku zai ce: in dai dole a tsaya a wani wuri, me ya hana a tsaya a kan duniya? Russell ma haka ya ce. Nan ne ainihin gardamar take, kuma ba zan raina ta ba. Amsar malamanmu ita ce duniya tana ɗauke da alamomin mai aro: tana canzawa, haɗe-haɗe ce, kuma babu abin da zai hana ta kasance a wata siffa dabam ko ta rasa kasancewa ɗungurungum. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sun saɓa sosai kan ko duniya tana da farko, amma dukansu sun tsaya a kan cewa tana dogara ga Wajibin samuwa, wato Wanda samuwarsa tasa ce. Masana taurari na yau suna ƙiyasta shekarun sararin samaniya da kusan biliyan 13.8. Abin lura ne, sai dai ba na son ku rataya imaninku a kan lissafin da gobe ana iya gyara shi.

To a hadisin nan, ina batun "ya tsaya"? Imam Maziri, Bamalike ne irinmu, ya raba abin gida biyu, Nawawi kuma ya kawo maganarsa a sharhin Muslim. Akwai tunani mai giftawa, wanda ba shubuha ce ta kawo shi ba, maganinsa kau da kai. Akwai kuma wanda shubuha ta dasa ya zauna daram, shi ba ya fita sai da hujja. Mai waswasi a kan sallaya, in ka ba shi hujja goma zai nemi ta goma sha ɗaya, shi ake ce wa ya tsaya. Yaron da malaminsa ya rubuta masa hujja a allo, amsa yake buƙata. Sahabbai ma sun kai kukan irin waɗannan tunane-tunane, Annabi ya nuna musu cewa ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani.

Kada kuma mu zarce. A zamanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo an yi wasu masu kafirta talakan da bai iya jero hujjojin tauhidi ba, Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi. Mai sayar da abincin garba a bakin titi da ya ce Allah ɗaya ne, imaninsa ya inganta ko bai taɓa jin kalmar tasalsuli ba.

Dattijon nan ya koma gida ya ce wa ɗansa ya kawo littafin darasin su duba tare. Yaron yana cikin wannan taro, na yi alkawari ba zan nuna shi ba. Ya riga ya aiko min tambaya ta biyu, a kan ƙaddara, na ce masa sai an ba ni wani zaman.