Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo



A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a nemi yardarsu ba. Wannan tabo yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka guje wa rigakafin shan-inna a 2003.

Saboda haka muke kira: kafin a tsara wani bincike, a je Kuki, a je Kurfi, a zauna da ungozoma, da mai unguwa, da uwar da zazzaɓi yake kayar mata da 'ya'ya kowace damina. Su faɗi cutar da za a fara bincikawa. Mu da za mu riƙe ofisoshi gobe, wannan amana tana wuyanmu.