Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Neman Shawara Kan Zauren Masu Zane da Kwamfuta

Jawabin da aka gabatar a taron reshe



An ba ni dama in yi magana a madadin ƙaramin zauren da wasu daga cikinmu, masu koyar da zanen fasaha, muka kafa domin koya wa juna zane da kwamfuta. Zauren ya fara da zafinsa, amma yanzu fuskokin da ake gani ba sa canzawa. Shi ya sa na tsaya a gabanku ina roƙon shawara.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Tun a 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna manhajar Sketchpad wadda ake zane da ita a fuskar kwamfuta, kuma a 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD. A yau ofisoshin masu zana taswirar gini da na injiniyoyi da kwamfuta suke aiki. Dalili a fili yake: idan mai gida ya ce a ƙara faɗin falo, mai allo da fensir sai ya goge ko ya sake sabuwar takarda, mai kwamfuta kuwa awo ɗaya zai gyara. Ɗalibinmu da ya gama sakandare ya tafi kwalejin kimiyya da fasaha bai taɓa ganin wannan ba, zai zauna aji ɗaya da wanda ya riga ya saba. Tazarar nan a hannunmu take farawa.

Ba ina nufin a ajiye allo da rula da kamfas ba. Wanda bai iya hango abu ta gaba, ta sama da ta gefe ya sauke shi a takarda ba, kwamfuta ba za ta hango masa ba. Jarrabawar WAEC da NECO ma har yanzu fensir suke nema a hannun yaro. Abin da muke so shi ne malami ya riƙe biyun.

Ga wurare huɗu da muka kasa yanke hukunci mu kaɗai.

Na farko, da wace manhaja za mu fara? AutoCAD ita ce aka fi nema a wajen aiki, kuma kamfaninta yana bai wa malamai da ɗalibai izinin amfani kyauta, sai dai ana sabunta shi duk shekara, kuma tana bukatar kwamfuta mai ƙarfi. LibreCAD kyauta ce, ba ta da nauyi, tana aiki ba tare da intanet ba, amma zanen shimfiɗe kawai take yi. FreeCAD ita ma kyauta ce, tana fitar da abu da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, amma koyonta yana son haƙuri. Ku kuka san irin kwamfutocin da ke makarantunku.

Na biyu, wuri da lokaci. Wace makaranta ce ke da sola ko janareta da shugabanta zai yarda mu shiga ɗakin kwamfuta ranar Asabar? Wane lokaci ne zai dace da malamai mata, waɗanda hidimar gida ke jiransu?

Na uku, su wa za mu gayyato? Malamin lissafi yana da rabo a nan, haka mai koyar da aikin katako da na ƙarfe. Akwai kuma tsofaffin ɗalibanmu da suka fi mu sanin abin. Za mu iya zama a benci su koya mana?

Na huɗu, me za mu zana? Ni dai ina ganin mu fara da abin da ke gabanmu: bencin aji, ƙofar ƙarfe, taswirar makarantar kanta, har mu kai wa kafinta ko mai walda ya gaya mana ko zanen ya karantu.

Ga yadda za a tattara amsoshinku. Kowa ya rubuta tasa ya miƙa wa wakilin ƙungiya na makarantarsa kafin taro mai zuwa, da suna ko babu suna. Za a karanta kowace shawara a nan, wadda ba ta yiwu ba kuma za a faɗi dalili. Shawarar da na fi ƙishirwar ji ita ce ta wanda ya zo sau ɗaya bai dawo ba, da ta wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana jin nauyin ya faɗa. Abin da ya hana ku zuwa, shi ne abin da ya kamata mu fara gyarawa.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya albarkaci ɗalibanmu.