Ɓaure da ƙwarin cikinsa

Duk wanda ya taso a karkara ya san yadda ake cin ɗan ɓaure: sai an tsaga shi an leƙa ciki, saboda ƙwari. Yara kan yi tsaki su jefar, alhali waɗannan 'yan ƙwarin ne ke kai ƙurar fure daga wata bishiyar zuwa wata. Furen ɓaure a cikin ɗan yake ɓoye, shi ya sa ba a taɓa ganin ya yi fure ba.

Ɓaure danginsu ɗaya da durumi da cediya da gamji, amma ɓaure ya fi son bakin rafi da fadama. Da rani makiyayi kan sassabo ganyensa ya zuba wa awaki. Tsofaffi kan dafa ɓawonsa don tari, su shafa farin ruwan jikinsa a kan makero, ko da yake tarin da ya daɗe na asibiti ne. Misirawan dā ma da katakonsa suke sassaƙa akwatin gawa.

Abin da ke damuna shi ne masu gawayi. Itacen da ya shekara hamsin yana riƙe gaɓar rafi, yini guda suke kayar da shi, kuma ba kasafai ake dasa wani ba.