Wa Ke Buɗe Wasiƙunmu a Yau?

Shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Kun tuna zamanin da wasiƙunmu ke biyowa ta ofishin makaranta, a kira sunanka a filin taro, gabanka na faɗuwa ko wani ya riga ka karantawa? To, yau dukkanmu mun koma ajiye sirrinmu a hannun kamfanonin intanet, kuma gwamnatoci na zuwa neman a buɗe musu.

Bari in ba ku labarin wani ɗan jarida a ƙasar Sin mai suna Shi Tao. A shekarar 1989 sojoji suka murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen. A 2004 hukuma ta ba gidajen jarida umarni kan yadda za su bi da ranar cika shekara 15 da faruwar abin. Shi Tao ya taƙaita umarnin, ya aika wa wasu masu fafutuka a Amurka ta akwatinsa na Yahoo. Hukuma ta nemi kamfanin ya faɗi inda saƙon ya fito, kamfanin kuwa ya faɗa. A 2005 aka yanke masa ɗaurin shekara 10, bai fito ba sai 2013. A 2007, gaban 'yan majalisar Amurka, Jerry Yang, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Yahoo, ya roƙi mahaifiyarsa gafara. Amma fa ɗanta na kurkuku a lokacin.

Kada ku ce na goyi bayan masu laifi. Wanda aka sace masa ɗa, zai so a bi sawun wayar ɓarayin, ni ma haka. Tambayata ita ce: wa ya ba da izini, alƙali ne ko kuwa wani jami'i ne kawai da takarda mai hatimi?

Tun 2010 Google ke bayyana yawan buƙatun da kowace gwamnati ta aika masa. A nan gida kuma, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su har shekara 2, su miƙa wa jami'an tsaro in an nema.

Akwai lauyoyi a cikinmu, ga biyu can ina hango su. Ina roƙon Shugaba ya sa su yi mana bayanin wannan doka a taro mai zuwa.